Sili Ɗaya Ƙwale

Ranar Laraba, 24 ga Oktoban 2018, ba a daɗe da dawowa daga hutun rabin lokaci ba Kano Pillars ta jefa wa Enugu Rangers ƙwallo ta uku a Asaba. Uku da nema, kuma a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa. A majalisar da muke zaune a Gaya samari har sun fara tayar da babura. Wannan yana cewa a je a sha mai domin zagaya gari, wancan yana lissafin motar da za a shiga zuwa Kano taryen kofi. Mutum ɗaya ne bai motsa daga kan benci ba, wani dattijo da ya yi shekaru yana horar da yaran unguwarmu, wanda babba da yaro ba mai kiran sunansa, sai dai a ce Koci. Ya ɗaga hannu ya ce, "Samari, ku kashe baburan nan tukuna. Wannan ba lig ba ne."

Duk mai bin ƙwallon ƙasar nan ya san abin da ya biyo baya. Cikin kusan minti goma sha biyar na ƙarshe Rangers ta farke ƙwallayen nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen ma sai da lokaci ya cika, ana cikin 'yan mintunan da alƙalin wasa ya ƙara. Aka tafi bugun fenariti, Rangers ta ci 4-2, ta ɗaga kofi. Majalisa ta watse babu mai yi wa wani sallama.

Washegari da la'asar na same shi a bakin filin firamare yana ɗaura raga. Bayan mun gaisa na ce, "Baba Koci, me kuka hango jiya da mu ba mu hango ba?" Ya ce, "Ban hango komai ba, ɗana. Na dai san cin lig sana'a ce, cin kofi ma sana'a ce, kuma ba kowa ke haɗa su biyun ba."

Tun daga ranar nake kallon wasan kofi da wani ido, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Akwai wata gwaninta ta musamman da ke sa ƙungiya ta tsallake zagaye bayan zagaye a gasar da masu sharhin wasanni ke kira sili ɗaya ƙwale, inda kuskure ɗaya ke tura ka gida. Gwaninta ce da ba ta da ƙyalli. Ba a yanko ta a tura a waya kamar yadda ake yi wa yankan da ɗan gaba ya yi wa mutum uku. Amma ni a wurina babu abin da ya fi ta kyau a cikin tamaula.

Lig noma ne. Ƙungiyoyi 20, wasa 38, gida da waje, wata da watanni. Manomi ya san ɗan farin sati biyu ba ya kashe gero idan sauran damina ta yi albarka, kuma ba a yi wa gona hukunci sai an ga rumbu da kaka. Ƙungiyar da ta fi 'yan wasa masu kyau, ta fi biyan albashi a kan kari, ta fi cika fili da magoya baya, ita ce galibi za ta zama zakara, ko da ta yi tuntuɓe sau shida ko bakwai a hanya. Tsawon kakar wasa yana wanke kuskure. Kofi ba ya wanke komai.

Tarihin Pillars kansa ya isa shaida. An kafa ta a 1990. Ta ci lig sau huɗu, a 2008, sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere. Ta yi shekara 12 babu wanda ya doke ta a gida a wasan lig, har sai da Nasarawa United ta zo Kano ta karya wannan tarihi a 2015. Ba banza ake mata kirari da Sai Masu Gida ba. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da ya cika maƙil ya san baƙo tun daga ƙofar shiga gwiwarsa ke fara sanyi. To amma ƙungiyar nan, da duk wannan ƙarfi, sai da ta yi shekara 29 ba ta taɓa ɗaga kofin ƙalubale ba. Ta je wasan ƙarshe a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Ta koma a 2018, aka yi abin da aka yi. Dalili ɗaya a fili yake: manyan zagayen kofi a filin 'yan-ba-ruwanmu ake buga su. Babu Ƙofar Mata, babu gangunan da ka saba ji a bayanka. Abin da ya ɗauke ka a lig an bar shi a gida.

Akwai kuma lissafi, wanda ko ɗan firamare zai iya bi. A ɗauka ƙungiya ta fi kowa ƙarfi, har ta kai in ta kara da kowace abokiyar hamayya sau goma za ta yi nasara sau bakwai. A lig wannan sarauta ce. A kofi mai zagaye biyar kuwa dole ta ci biyar a jere, kuma in ka ninka bakwai cikin goma har sau biyar, abin da zai rage bai wuce kashi 17 cikin ɗari ba. Wato ƙungiyar da ta fi kowa, sau ɗaya cikin shida za ta ɗauki kofin. Shi ya sa El-Kanemi ta ci shi a 2024 tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a Legas, kuma babu wanda ya san ƙwallo da ya kira abin almara.

Amurkawa, da suka fi kowa son lissafa wasa, sun daɗe da cin karo da wannan a wasansu na besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo mutum ya make ta da kulki. A 2001 ƙungiyar Seattle Mariners ta ci wasa 116 cikin 162, adadin da har yau babu wanda ya wuce shi, amma da aka shiga zagayen fitar da gwani New York Yankees ta kore ta tun kafin wasan ƙarshe. A 2006 wasu manazarta biyu, Nate Silver da Dayn Perry, suka bi diddigin irin waɗannan wasanni na shekaru da dama, suka ga abubuwan da suka fi tafiya da nasara duk na hana abokin karawa ci ne: mai jifan da ba a iya taɓa ƙwallonsa, masu tsaron fili, da gwanin da ake ajiyewa musamman domin ya rufe wasa a ƙarshe. Bayan 'yan shekaru aka ga ma'aunin nasu ba kullum yake faɗa daidai ba, domin rabo yana da kaso babba a gajeren wasa. Na yarda da haka. Amma abin da ya rage bayan an cire rabo, shi ne abin da Koci ke kira sana'a, kuma abin mamaki, abin da mutanen nan suka gano da kwamfuta bai yi nisa da abin da yake faɗa wa yaransa a kan yashi ba.

Abu na farko da yake nema idan gasa ta matso shi ne gola. Na sha jin yana cewa a ba shi mai tsaron gida na ƙwarai da yara goma masu jin magana, zai kai wasan kusa da na ƙarshe. A lig ɗan gaba ne ke tara maki, domin wanda ya ci ƙwallo ashirin a kaka ya rufe ɓarnar da aka yi a baya. A kofi kuwa wasa ɗaya ne, kuma sau da yawa ƙwallo ɗaya ce ke raba gardama. Damar ci ta gaske da abokan karawa za su samu ba ta wuce biyu ko uku ba, kuma dukkansu a gaban mutum ɗaya za su ƙare. Gola na kofi ba shi ne mai yawan tashi sama don 'yan kallo su tafa ba. Shi ne wanda zai yi minti saba'in ƙwallo ba ta zo wurinsa ba, amma hankalinsa bai tafi ko'ina ba, ta zo sau ɗaya ya kama. Shi ne wanda bakinsa ba ya rufuwa, yana jera 'yan bayansa, yana kiran kowa da sunansa, wane matsa dama, wane ga mutum a bayanka. Dubi Maroko a gasar duniya ta 2022. Kafin wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragar Yassine Bounou, ita ma ɗan wasansu ne ya ci gida. Da haka suka kori Sifaniya da Fotugal. Girka ma da haka ta ci kofin Turai a 2004: ɗaya da nema a kan Faransa, ɗaya da nema a kan Jamhuriyar Cek, ɗaya da nema a kan Fotugal mai masaukin baƙi, biyun ƙarshe duka daga bugun kwana. Mutane da yawa sun ce wasan Girka ba daɗin kallo. Ni ban ga haka ba. Mutum goma sha ɗaya su yi wasa uku a jere babu wanda ya bar gurbinsa ko sau ɗaya, wannan ma ado ne ga mai idon gani.

Sai dai inda gwanintar ta fi zurfi, inda nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, shi ne minti goma sha biyar na ƙarshe, lokacin da kai ne a gaba.

Wanda bai taɓa buga ƙwallo ba zai ɗauka babu abin da ya fi wannan sauƙi. Ka ci, saura ka tsare. Amma ga abin da ke faruwa a cikin fili. Ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya yi sama. Zuciya ta fara kallon kofi maimakon ƙwallo. Ba tare da kowa ya ba da umarni ba, 'yan baya sai su ja da baya taki biyar, don kusa da raga ya fi kama da wurin tsira. 'Yan tsakiya su bi su. Ɗan gaba ya rage shi kaɗai can nesa kamar wanda aka manta a tasha. Daga nan duk ƙwallon da aka kwashe aka doka gaba, babu mai tare ta, nan take za ta dawo. Su kuwa waɗanda ake ci ba su da sauran abin tsoro, tunda an riga an ci su. Sai su turo kowa gaba, har 'yan bayansu, su yi ta antayo ƙwallo cikin da'ira. Goma za a kwashe, ta goma sha ɗaya ta faɗa ƙafar wani. Da ta shiga, wasan ya sauya kama. Uku da ɗaya a allo har yanzu tazara ce mai faɗi, amma a cikin ƙirji ba haka take ba. Masu ɗaya sun ji ƙamshin abu, masu uku sun fara tambayar alƙalin wasa saura minti nawa.

Ƙungiyar da ta iya kofi ta san wannan ciwo tun kafin ya kama ta, kuma maganinsa kishiyar abin da jiki ke so ne. Jiki yana cewa ja baya, kyaftin yana daka tsawa a fito. A tura layin baya gaba taki goma, a matse fili, a hana masu antayowa sararin ɗaga kai. In an karɓi ƙwallo kada a yar da ita. A ba na kusa, ya ba na kusa, a mayar wa gola in ta kama, a sake fitowa ta ɗaya gefen. Kowace taɓawa daƙiƙa ce da ta tafi, kuma gudu ne da abokin karawa ya yi a banza. Ɗan gaba mai wayo ya sa jikinsa tsakanin ƙwallo da mai tsaronsa har a ture shi a ba shi bugun tazara, ko ya ja ta zuwa kusurwa ya tsaya a kanta. In kuma an zura muku ɗaya, minti biyar da ke biye su ne wasan gaba ɗaya. A nan ake bukatar babba, domin da tsohuwar zuma ake magani: mutum ɗaya da zai ɗauko ƙwallo daga raga da hannunsa, ya taka a hankali zuwa tsakiya, ya dubi yaransa ido cikin ido ya ce babu abin da ya faru, har yanzu mu ne a gaba.

Wannan daban yake da kwanciyar ƙarya, a faɗi ana birgima ba a taɓa mutum ba, ko a harba ƙwallo cikin gonar mutane don a ɓata lokacin nemo ta. Ban taɓa ganin Koci ya koya wa yaro wannan ba, kuma ina ganin gaskiyarsa. Bayan rashin kyawunsa, yana tunzura abokan karawa, yana sa alƙali ya ƙara lokaci, kuma yana gaya wa yaranka da kansu cewa tsoro kuke ji. Riƙe wasa da ƙwallo a ƙafa shi ne aikin gwani.

A nan wajenmu, gasannin da ake shiryawa bayan an kai amfanin gona gida, tsakanin unguwannin Gaya ko ƙauyukan da ke tsakaninta da Ajingi, kusan duka sili ɗaya ƙwale ne, don babu mai kuɗi ko lokacin yin lig. Saboda haka yaranmu a cikin wannan wuta suke tashi, kuma akwai ilimin da filinmu kaɗai ke koyarwa. Ana take wasa bayan sallar la'asar, dole a tashi kafin magariba tunda babu fitila. Wannan yana nufin galibi babu ƙarin lokaci, in an yi canjaras kai tsaye sai fenariti. Kyaftin mai hankali yana duban rana kafin a jefa kwabo. In filin gabas da yamma yake, zai zaɓi golansa ya fuskanci rana a zagayen farko tana sama-sama, don a zagaye na biyu, lokacin da ta sauko daidai ido, golan wasu ne zai yi ta kare fuska da tafin hannu. Yana duban iskar hunturu ma, ya san gefen da doguwar ƙwallo za ta yi gudu da gefen da za ta tsaya a sama. Ya san inda yashi ya yi zurfi har ƙwallo ke mutuwa, da inda ƙasa ta yi tauri take tsalle ba zato. Waɗannan ƙananan abubuwa a lig suna narkewa cikin yawan wasanni. A yammaci ɗaya kuwa, ɗaya daga cikinsu na iya zama shi ne labarin da za a yi shekara ana bayarwa.

Sai maganar sojan haya. Duk gasar da aka sa rago ko sa ko babur, za ka ga ƙungiyar da ta aika Wudil ko cikin birnin Kano aka ɗauko mata 'yan wasa uku ko huɗu ranar wasa, takalma masu tsada, taɓa ƙwallo gwanin sha'awa. Sukan ci zagayen farko da na biyu da ƙwallaye masu yawa, gari ya ɗauka. Amma na lura sau da yawa a wasan da ya yi tsauri suke karyewa, kuma ba don ba su iya ba. Baƙo bai san sunan ɗan bayan da ke gefensa ba, bai san wanda ke saurin fushi da wanda ke saurin gajiya ba, kuma in an sha kashi, motarsa zai shiga ya tafi. Yaron unguwa kuwa gobe da safe zai fito ya haɗu da mutanen da suka tsaya a bayan igiya suna kiran sunansa. A minti na tamanin da biyar, wannan bambanci shi ne ke sa ƙafa ta ƙara taki ɗaya. Stephen Keshi ya san haka da ya tafi da Najeriya gasar Afirka ta 2013 da 'yan wasan lig ɗin gida a cikin tawagarsa ana ta sukarsa. Sun fara da kunnen doki biyu, da Burkina Faso da Zambiya, babu wanda ya sa su a lissafi. Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan nan, shi ya ci ƙwallon da ta kori Kwaddibuwa su Drogba, shi ya kuma ci ta wasan ƙarshe.

Benci ma na cikin sana'ar. Koci mai gaggawa yana zuba duk gwanayensa tun farko. Mai haƙuri yana ɓoye ɗaya, yaro mai gudu, ya sake shi lokacin da 'yan bayan wasu suka fara dafa gwiwa. Mu 'yan Najeriya mun ga wannan da idonmu a gasar Afirka da aka buga a farkon 2024, kuma bai yi mana daɗi ba. Kwaddibuwa ta sha kashi a hannunmu a rukuni, Ikwatoriyal Gini ta zura mata huɗu, aka sallami kocinta ana tsakiyar gasa, da ƙyar ta tsallake. Emerse Faé ya karɓa. Da Senegal, Franck Kessié ya taso daga benci ya farke saura 'yan mintuna. Da Mali, suna mutum goma, Simon Adingra ya taso daga benci ya farke a minti na casa'in, Oumar Diakité, shi ma daga benci, ya ci ta nasara a ƙarshen ƙarin lokaci. Ranar 11 ga Fabrairu a Abijan mu muka fara ci, suka zo daga baya suka doke mu 2-1. Ƙungiyar da ta riga ta leƙa kabari ta dawo, wuya ne ƙwallo ɗaya ta firgita ta.

Daga ƙarshe duk hanyoyin nan suna iya kai ka wuri guda, wato tabon nan da ke mita 11 daga raga. Mutane suna cewa fenariti caca ce. Wannan magana ita ce ta fi ɓata wa Koci rai. Raga faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, ƙwallon da aka buga da ƙarfi ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta isa. In aka sa ta can ƙurya, ƙasa ko sama, da wuya gola ya kamo ta. Duk da haka, kusan ɗaya cikin huɗu ba ta shiga, ko a wurin ƙwararru. Ba ƙafa ce ke kuskure ba. Tafiyar nan ce daga tsakiyar fili zuwa tabo, kai kaɗai, gari duka ya yi tsit, ga mahaifinka a cikin 'yan kallo. A cikin wannan tafiya yaro ke sauya shawara sau uku, kuma wanda ya sauya shawara yana gab da bugu, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa tun sati biyu kafin gasa, kullum a ƙarshen atisaye, lokacin da yara suka gaji liƙis kuma duhu ya fara, Koci ke jera su a tsakiyar fili. Ba ya yarda a tsaya kusa da raga ana bugawa ana raha. Kowa sai ya yi tafiyar nan shi kaɗai, sauran suna masa ihu kamar abokan gaba. Ka zaɓi gefenka tun daga tsakiya, ka ajiye ƙwallo da hannunka, ka ja numfashi bayan an busa, kada ka dubi gola. Yana kuma lura da wanda ke neman ɓuya a bayan wasu idan an ce wa zai fara. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga Gaya suka tashi, kuma maƙeri bai taɓa yarda da ƙarfe don ƙyallinsa ba sai ya ga yadda ya yi a wuta. Sau da yawa gwanin yanka ba ya cikin biyar ɗin da Koci ke rubutawa. Za ka ga ɗan baya shiru-shiru, wanda bai taɓa cin ƙwallo a gasa ba, shi ne na farko a takarda. Kuma ba ya ajiye mafi gwaninta a na biyar, domin sau da yawa ana gamawa ba a kai kansa ba.

Gola ma yana da nasa karatun. Ya kalli wasan abokan karawa na zagayen baya, ya riƙe gefen da kowa ya buga. Ya dubi ƙafar da mai bugu ya kafa da yadda ƙugunsa ya buɗe. Ya jinkirta faɗuwa gwargwadon iko, ƙafa ɗaya a kan layi kamar yadda doka ta ce. Enyimba ta kai wannan shiri matuƙa a 2004, shekarar da ta kare kofin zakarun Afirka. Tana da Vincent Enyeama a raga, amma da aka zo fenariti a wasan ƙarshe da Étoile du Sahel a Abuja, sai aka cire shi aka sa Dele Aiyenugba, wanda aka tanada domin wannan aiki kaɗai, kuma suka ci. Shekara goma bayan haka Louis van Gaal ya yi irin wannan da Tim Krul a gasar duniya, duniya ta yi ta mamaki. Mu a nan mun riga mun gani.

Wata tara bayan Asaba, ranar Lahadi 28 ga Yulin 2019, Pillars ta sake zuwa wasan ƙarshe, wannan karon a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, da Niger Tornadoes ta Minna. Mai horar da Pillars ɗaya ne da na bara, Ibrahim Musa, kyaftin ɗaya ne, Rabi'u Ali. Wanda ya zo neman ruwan ƙwallaye irin na bara bai samu ba. Aka tashi babu ci. Na ji wasu a majalisa suna ƙorafin wasan ya yi sanyi, ni kuwa abin da na gani shi ne mutanen da wuta ta taɓa ƙona su, kowa yana tsaye a gurbinsa, babu mai barin bayansa a buɗe don neman suna. Aka zo tabon nan da ya kayar da su a Asaba, suka yi tafiyar ɗaya bayan ɗaya, suka ci 4-3. Kofin ya zo Kano, karo na farko tun 1953.

A daren nan babura sun zagaya Gaya har aka gaji. Washegari da la'asar na bi ta filin firamare. Damina ce, ciyawa ta rufe rabin filin, yawancin yara suna gona wajen maimai, bakwai kawai suka zo. Na ce, "Baba Koci, barka da arziki." Ya ce, "Barkanmu dai, ɗana." Bai ƙara komai a kai ba. Ya auna taki goma sha biyu daga layin raga, ya ja alama da dunduniya, ya kora yaran zuwa tsakiyar fili, ya ce ƙaramin cikinsu ya fara tahowa.